Motar fari ga sabon direba: Corolla, Honda, Peugeot ko Golf?

Ranar da ƙanina ya karɓo lasisinsa, ko takalmi bai cire ba ya miƙo mini waya. Hoton wata Honda ce baƙa wuluk, irin wadda ake kira EOD, an wanke ta tana sheƙi a bakin wani gareji. Ya ce, "Yaya, ka ga wannan? Dillalin ya ce V6 ce, mai silinda shida, kuma ba a taɓa buɗe injinta ba." Na tambaye shi lita nawa albashinsa zai iya saya a wata in ya cire haya da cefane. Ya yi shiru. Na ce to, faɗin ƙofar gidan da kake haya fa, ka taɓa aunawa? Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

Ba zolaya ba ce. Motata ta fari doguwa ce, kuma a sati na biyu na goga mata ginshiƙin get tun daga ƙofar baya har zuwa fitila. A wata na uku wani mai adaidaita-sahu ya tafi da madubina na dama a cikin cunkoso, ko waiwaye bai yi ba. Duk wanda ya fara tuƙi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato sai motarsa ta sha ƙuje-ƙuje, komai natsuwarsa. Saboda haka idan ana zancen motar ɗan koyo, abin da nake fara tambaya shi ne nawa ake sayar da fitilarta da madubinta da bambarta a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma bakanike nawa ne a unguwa suka san cikinta ba tare da lalube ba.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur a gidan mai ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Wannan kaɗai ya sauya lissafin sayen mota. Da, mutum kan sayi mai babban inji ya ce ai Allah zai hore. Yanzu ga su nan jere a ƙofar gidaje an lulluɓe da tamfol, masu su suna bin adaidaita zuwa ofis.

Bari in fara da wadda kowa ke ambata, Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, kuma sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul, ba bel ba. Ma'anar wannan ga sabon direba ita ce an ɗauke masa wata fargaba guda: bel ɗin taimin yana da wa'adi, in aka manta da shi ya tsinke a kan hanya, a injuna da yawa sai ya lanƙwasa bawul, aikin ya koma na buɗe inji. Sarƙa kuwa, in dai ana canza baƙin mai a kan lokaci, takan daɗe ƙwarai. Tankinta lita 50 ne, tsawonta kimanin mita huɗu da rabi, wato ta gaza Accord da Camry na zamaninta da kusan taku guda. Taku guda ba komai ba ne a baki, amma ranar da kake ƙoƙarin juyawa a lungu, ga kwata a hagu, ga mai rake a dama, ga masu hon a baya, a nan za ka san darajarsa.

Abin da ya fi burge ni da Corolla shi ne haƙuri. Takan jure sakacin mai koyo fiye da sauran, kuma duk ƙauyen da ta tsaya maka za ka samu wanda ya taɓa gyara irinta. Ranar da ka gaji da ita kuma, kafin la'asar ka samu mai saye. Aibinta biyu ne. Na farko tsada: saboda kowa na son ta, kuɗin da zai saya maka Corolla mai shekara ashirin zai iya saya maka wata motar da ta fi ta ƙuruciya. Na biyu, farin jininta bai tsaya ga masu saye ba, ɓarayi ma sun san kayanta ba sa kwana a kasuwa. Sannan a lura, waɗanda aka ƙera a shekarun farko na wannan zubin, wasunsu kan sha baƙin mai in sun tsufa, don haka a duba hayaƙin salansa da kyau.

Akwai 'yar'uwarta da mutanenmu suka runguma, Pontiac Vibe. Sunan na Amurka ne, amma inji da giyar ƙirar 2003 zuwa 2008 na Toyota ne, tagwaye suke da Toyota Matrix, kuma mafi yawansu injin Corolla ɗin nan ne a ciki. Ta fi Corolla tsayin zama, direba yana hango gabansa sosai, bayanta kuma a buɗe yake, in ka kwantar da kujeru sai ta ɗauki buhuna. Ga mai zuwa ƙauye duk Juma'a, ko matar da ke kai yara makaranta tana biyawa kasuwa, ni na fi son ta a kan Corolla. Inda take ciwo shi ne jiki. An daina ƙera Pontiac gaba ɗaya tun 2010, kuma fitilunta da bambarta ba ɗaya suke da na Matrix ba, sai dai na Beljiyam. Mai koyo kuwa jiki yake ɓatawa, ba inji ba. A kuma guji mai jan ƙafa huɗu, da ƙirar 2009 mai injin lita 2.4, in dai tattalin mai ake nema.

To, Honda. Mu a Arewa akwai wata tsohuwar soyayya tsakaninmu da Honda, tun zamanin su Hala, kuma ba a banza ba. Sitiyarinta yana da daɗi, tana kama titi, tana amsa totur nan take, cikinta kuma ya fi na Toyota kyan gani. Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, wato EOD da ƙanwarta DC, tana zuwa da inji iri biyu. Mai silinda huɗu, lita 2.4, sarƙa gare shi, kuma inji ne nagari. V6 mai lita 3.0 kuwa bel gare shi, yana shan mai kamar ba gobe, kuma giyar atomatik ɗinsa ta shekarun farko ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Ita ce ƙanina ke nuna mini. Ƙarfin da ke cikin wannan injin ya fi ƙarfin ƙafar wanda bai gama bambance birki da totur ba idan ya firgita.

Sai zancen da kowa ya sani, ƙafa. Wanda ya daɗe yana bin titunanmu ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar hanya, taya ɗaya ta karkace waje kamar raƙumi zai sauke kaya. Abin da ke faruwa shi ne boljoyin ɗin ƙasa na ƙafar gaba, wato gaɓar da ke riƙe mazaunin taya, yana ɗauke da nauyin motar. In robarsa ta yage, ƙura da ruwa suka shiga, giris ya bushe, sai ya ci kansa a hankali har ya fita daga mazauninsa. Ba ya yin haka ba tare da gargaɗi ba: sitiyari kan yi nauyi, a kan ji ƙara ƙiii-ƙiii idan ana juyawa a hankali. Tsohon direba zai ji ya wuce gareji. Sabon direba zai ƙara sautin rediyo. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa Accord mota ce mai kyau ga wanda ya riga ya iya sauraron mota. Masu Honda da suka san hannunsu suna sa a duba ƙafa duk sabis, kuma ba sa sayen boljoyin na jabu, shi ya sa suke shekaru ba su ga wannan abin kunya ba.

Wanda zuciyarsa ta nace sai Honda, ya dubi Civic. Ƙirar 2006 zuwa 2011 injinta lita 1.8 ne mai sarƙa, shan manta dab da na Corolla, kuma sau da yawa ta fi Corolla sauƙin kuɗi. Matsalarta ƙasa take sosai. In unguwarku burji ce mai ramuka, ko irin masu tudun rage gudu da aka gina kamar katanga, kullum cikinta zai riƙa gogar ƙasa. Gilashinta na gaba kuma a kwance yake, direba ba ya ganin hancin motar, sai an saba. Ƙirar 2001 zuwa 2005 ta fi sauƙin gani da sauƙin kuɗi, amma bel gare ta, don haka ranar da aka saya a canza shi kawai, kada a yarda da "ai mai ita ya ce bai daɗe da sawa ba."

Camry ba zan daɗe a kanta ba. Big Daddy, ƙirar 2002 zuwa 2006, mota ce mai lafiya da laushin tafiya, amma babba ce, tankinta lita 70, ta fi dacewa da mai iyali da ya riga ya goge. Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 an san ta da shan baƙin mai, kuma mai koyo bai saba zaro sandar awo kowace safiya ba. Mota ta biyu ce, ba ta fari ba.

Peugeot 406, wadda muke ce wa Fijo, ita ce nake tausayi idan ana wannan muhawara, don ana yi mata rashin adalci. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya yi shekaru yana fitar da 406, har bayan an daina yin ta a Faransa. Shi ya sa Kaduna da Zariya da Jos suke cike da bakanikenta na gado. A kan doguwar hanya, ka ce Kano zuwa Maiduguri, babu wadda ta kama ƙafarta wajen kwanciya a titi da shanye gargada a cikin duk waɗanda na lissafa. Kuma kuɗin sayenta bai kai na Corolla ba. Amma tana da sharuɗɗa. Injinta bel gare shi. Ba ta son zafi, ba ta son a yi mata wasa da wayoyi, kuma kusan duk 406 da ke kasuwa yau ta bi ta hannun masu wayarin biyar ko shida, kowa ya yanke ya ɗaura nasa. Giyarta ta atomatik, wadda ake kira AL4, ba kowane bakanike ne ya iya ta ba. In za ka saye ta, sayi mai giyar hannu, mai silinda huɗu, kuma ka tabbata kana da bakaniken Fijo na gaske kafin ka biya kuɗi, ba bayan ka biya ba. Wanda yake da irin wannan mutum a dangi, 406 za ta yi masa riba. Wanda ba shi da shi, zai koyi sunayen masu jan mota na garinsu kaf.

Golf 3 kuwa, araha ce da ƙarfin hali. An ƙera ta a shekarun 1990, ke nan ƙaramarsu ta doshi shekara talatin. Kayanta kamar ƙasa, shan manta kaɗan, ga ta gajeriya mai daɗin fakin. Sai dai yawancin waɗanda ke hannun mutane sun yi haya, sun ɗauki buhunan masara har bayansu ya zauna, da yawa ba su da jakar iska, na'urar sanyaya ciki kuwa sai tarihi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuɗinka iya nan ya tsaya, ka samu mai tsabta wadda ba ta yi tasha ba, ba laifi. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Atomatik ko giyar hannu? Dattawa za su ce wanda bai iya kuloci ba bai iya mota ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya: wanda ya koya da giyar hannu zai tuƙa kowace mota, gyaranta ya fi sauƙi, in batir ya mutu a tura ta tashi. Amma ni na ga yadda sabon direba yake a shataletale da yamma, mota ta mutu masa sau uku, gumi na zuba, ana zaginsa ta ko'ina. Hankalin da ya kamata ya sa a kan masu babur da masu tsallaka titi ya tafi wajen ƙafar hagu. Shawarata, a koya da giyar hannu a makarantar tuƙi, amma in zirga-zirgar cikin gari ce, a sayi atomatik in ta Toyota ce ko Honda mai silinda huɗu. Sharaɗi ɗaya: man giya ba a yi masa "kowanne ma ya yi." Corolla ta waɗannan shekaru T-IV take sha, Honda kuma nata na musamman ne, DW-1. Giya da yawa da aka ce sun mutu, man da ba nasu ba aka ɗura musu.

Saura babbar tambaya, tokumbo, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje, ko ta hannu, wadda aka riga aka yi amfani da ita a nan gida. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin fito da na jirgi suka yi sama, tokumbo ta fi ƙarfin yawancin masu sayen motar fari. Kuma kalmar tokumbo ba ta nufin lafiya. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari na Amurka aka sayo su, wasu ambaliya ce ta shanye su, aka busar, aka fesa turare. Ta hannu kuma, in ka san mai ita, ka san inda yake sabis, ta fi tokumbon da ba ka san tarihinta ba. Wadda nake gudu ita ce ta hannun da aka yi wa sabon fenti aka cire lamba aka ajiye a layin tokumbo. Akwai kuma waɗanda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motar da aka ƙera don Ingila ko Japan sai an yanke an sauya, kuma ba kowane mai sauyawa ne ke tsoron Allah ba. Irin wannan ko kyauta aka ba ɗan koyo, ya yi godiya ya bar ta.

Da muka je dubawa da ƙanina, da sassafe muka je, kafin a tayar da motar, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Bakanikena muka ɗauka, ba na dillali ba. Dattijo ne, ba ya son surutu. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ko an riga an ɗuma ta. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ƙarƙashinsa, yana neman wani farin kumfa kamar madara, alamar gasket ya ƙone ruwa na haɗuwa da mai. Ya buɗe lagireto ya ga ruwan ja ne na tsatsa, ya girgiza kai, ya ce ruwan rijiya ake zuba mata. Ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ya shinshina, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe yana neman tabon laka. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu a aljihu yana bin ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa ya ce nan fila ce aka cika. Sannan ya sa aka kunna makulli ba tare da an tayar ba, yana ƙirga fitilun gaban direba. Ta inji ba ta kawo ba sam. Ya dubi dillalin ya ce, "Alhaji, wa ya cire ƙwan?" Dillalin ya ce wallahi haka ta zo. Aka jona na'urar bincike, laifuffuka suka fito reras, ciki har da na tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi, wadda tuni an fasa an kwashe cikinta an sayar. Muka yi sallama.

Kada a manta da taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi ita ce ke fashewa, kuma sabon direba in taya ta fashe birki yake dannawa da ƙarfi, abin da bai kamata ba ke nan.

Takardu kuwa, a nan ni aka cuce ni a motata ta fari. Na yi cinikin biri a sama, na karɓi takardar kwastan ban kai an tantance ba, sai a wani shinge a hanyar Abuja na gane ta bogi ce. Abin da na kashe kafin in fito da motar ya kusa sayen rabin wata. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motocin da aka ci gaba da shigowa da su ta ɓarauniyar hanya suna nan suna yawo da takardun da ba su da asali. A gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin mota da wadda ke kan takarda, ɗaya bayan ɗaya, a kai ofishin kwastan a tabbatar. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin mallaka. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Ga mai koyo wannan ba takardar nuna wa 'yan sanda ba ce kawai, domin shi ne ya fi kowa yiwuwar daki bayan motar wani. A saya a hannun kamfani na gaske, ba a ƙarƙashin bishiyar ofishin lasisi ba.

Abu na ƙarshe da na tilasta wa ƙanina shi ne kada ya zuba duk kuɗinsa a ciniki. Na ce ya ware kashi ɗaya cikin biyar ya manta da shi. Duk tsohuwar mota, komai kyanta, a watan farko za ta nemi baƙin mai da filta, man giya, birki, wataƙila batir da taya biyu, ga la'adar dillali, ga lamba. Ya ce, "Yaya, in na cire wannan ai Corolla ta fi ƙarfina." Na ce to ta fi ƙarfinka, mu duba Vibe ko Civic.

Vibe muka samu, ƙirar 2005, ta hannu, a wurin wani malamin makaranta da ke da littafin da yake rubuta ranar kowane sabis da biro. Fentinta ya koɗe a rufi, kujerar direba ta ɗan yage, ƙanina ya ɓata rai har muka iso gida. Bakanike ya mayar mata da tamostat, wato na'urar daidaita zafin inji, da aka cire mata, ya wanke lagireto ya zuba ruwan sanyaya inji na gaske, muka canza taya biyu na gaba. Kwana goma sha ɗaya da sayenta ya kira ni da daddare, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya goga ta a get. Na ce wane gefe? Ya ce na dama, ta baya. Na ce ya bar shi haka, kada ya kai fenti tukuna, na hagun ma yana nan tafe, sai a haɗa a yi gaba ɗaya.